Jarumin da ke son komawa rubutun fim: ya ajiye aktin gaba ɗaya kamar Taylor Sheridan, ko ya riƙe biyun kamar Danny Strong?

Duk wanda ya jima yana fitowa a fim mai dogon zango, irin wanda an san fuskarsa amma ba a riƙe sunansa ba, yau shi ne ɗan sanda gobe shi ne abokin ango jibi kuma likitan da zai fito ya ce sai haƙuri, akwai ranar da zai riƙe sikirif, wato rubutaccen labarin fim, a lokeshan ya karanta ya ce wallahi ni zan iya rubuta abin da ya fi wannan. Kuma sau da yawa gaskiyarsa ne. To daga nan tambaya take tasowa, shin ya tattara ya bar gaban kamara ya zauna ya fuskanci rubutu shi kaɗai, ko kuwa ya ci gaba da amsa kiran furodusa yana rubutunsa a gefe har Allah Ya kawo mai saye? Akwai mutum biyu a Amurka da kowannensu ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan kuma dukkansu sun kai, shi ya sa nake ganin in aka jera su aka duba da kyau mutum zai fi gane wacce ta dace da shi.

Na farko Taylor Sheridan, mutumin Tekzas, ya tashi yana hawan doki da kiwon shanu a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Cranfills Gap. Ya shafe shekaru sama da goma a Holiwud yana karɓar ƙananan rol, ya fito a Veronica Mars, sannan a 2008 ya samu rol ɗin da aka fi saninsa da shi wato mataimakin shugaban 'yan sanda David Hale a Sons of Anarchy. Bayan zango biyu ya nemi a ƙara masa kuɗi saboda abin da ake ba shi bai kai na abokan aikinsa ba, kuma kamar yadda shi da kansa ya sha bayarwa, amsar da aka ba lauyansa ita ce mutumin nan shi ne na 11 a takardar jerin 'yan wasa, irinsa suna da yawa, kuma iyakarsa ke nan ba zai wuce nan ba. Sai ya bari. A farkon zango na uku, 2010, aka kashe David Hale a labarin. Lokacin yana dab da shekara 40, ga mata ga jariri, ba shi da digirin rubutu ba kuma wanda ya san shi a matsayin marubuci, matarsa ce ma ta saya masa manhajar rubuta sikirif da katin bashi.

Na biyu Danny Strong, haifaffen Kalifoniya a 1974, gajeren mutum wanda tsayinsa ya sa kullum rol ɗin yaron da ake rainawa a makaranta ake ba shi. Ya fito a matsayin Jonathan a Buffy the Vampire Slayer, ya fito a matsayin Doyle a Gilmore Girls. Shi tun yana cikin shekarunsa na ashirin ya gane zaman jiran waya ta yi ƙara zai iya haukata mutum, sai ya fara rubutu, amma bai taɓa cewa na bar aktin ba. Ya yi ta rubuta labaran da ba wanda ya ɗauka ya yi fim da su, shekara da shekaru, yana cin abinci da fuskarsa, sai a 2008 tashar HBO ta fitar da Recount, labarin rikicin ƙirga ƙuri'un jihar Filorida a zaɓen 2000 tsakanin George W. Bush da Al Gore, zaɓen da ƙuri'a 537 kacal ta raba. Kuma ko bayan nan bai daina fitowa ba, an gan shi a Mad Men, an gan shi a Billions.

Mu fara da maganar da kowa yake ɓoyewa a zuci, wato cefane. Sheridan ya bar aiki a 2010, fim ɗinsa na farko da ya yi suna wato Sicario bai fito ba sai 2015, shekara biyar ke nan. Abin da ya fara rubutawa ma tun farko, kashin farko na Mayor of Kingstown, sai 2021 ya hau talabijin, kusan shekara goma yana ajiye. Mutane suna son ba da labarinsa kamar yau ya yi fushi gobe ya zama attajiri, ba haka ba ne malam, akwai tsakiyar da ba a cika faɗa ba, ƙaramin gida da iyali da rashin tabbas. Strong shi ma ya jira kusan shekara goma tsakanin fara rubutu da ganin sunansa a allo a matsayin marubuci, amma jiransa jira ne na mai aiki a hannu, in rubutu bai sayu ba akwai ranar shutin da za a biya shi. A wannan ma'auni kam babu wata gardama, hanyar Strong ta fi sauƙi a jiki, ita ce wadda ba ta sa ka saki reshe ka kama ganye ba.

Amma fa wanda ya zaɓi ajiyewa gaba ɗaya shi ma yana da hujjarsa, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Rubutun dogon labari yana son kai a wuri ɗaya. Ka zauna ka shiga cikin mutanen labarinka har ka fara jin muryarsu, sai waya ta shigo gobe ƙarfe bakwai ana nemanka a lokeshan, ka je ka wuni kana jiran a zo kan sin ɗinka guda biyu, ka dawo dare a gajiye, kwana uku haka ka buɗe kwamfuta ka tarar labarin ya huce. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji masu magana. Sheridan cikin ɗan ƙanƙanin lokaci bayan barinsa ya zubo labarai uku a jere, Sicario da Hell or High Water da Wind River, na biyun ya kai shi takarar Oscar ta marubuci a 2017, na ukun shi ya ba da umarni da kansa har ya karɓi kyautar darakta a wani sashe na bikin fina-finai na Cannes a Faransa. Irin wannan zubowar da wuya ta samu ga wanda rabin kansa yana wurin odishan, wato gwajin zaɓen 'yan wasa. Kuma akwai abin da rashin mafita yake yi wa mutum, in ka san babu wani albashi da zai shigo ƙarshen wata to za ka gama shafin nan ko kana so ko ba ka so, shi kuwa mai aiki a gefe yana iya shekara biyar yana cewa ai ina kan rubutu, kuma kashi na ɗaya bai ƙare ba.

Inda na fi son a tsaya a duba shi ne irin marubucin da kowannensu yake, don ni a ganina nan ne asalin amsar take, ba a jarumta ko tsoro ba. Sheridan bai je neman labari ba, labarin yana cikinsa tun yana yaro. Gonar kiwo, dawaki, fari, bankin da ke neman ƙwace gonar iyali, iyakar Amurka da Meksiko, yankunan 'yan asalin ƙasar da aka manta da su, duk abubuwan da ya gani ne ko ya zauna kusa da su. Hell or High Water labarin wa da ƙane ne da suke fashin rassan bankin da ke bin gonar mahaifiyarsu bashi domin su biya shi da kuɗinsa, wanda bai san zafin a rasa gonar gado ba ba zai rubuta shi haka ba. Yellowstone da ya fara a 2018 da Kevin Costner shi ma duk wannan duniyar ce, daga shi aka samu shirye-shiryen nan biyu masu suna 1883 da 1923. Mutum irin wannan in ya zauna a ɗaki shi kaɗai ba ya rasa abin zubawa, abin da yake buƙata kawai lokaci ne, don haka barin aktin ya yi masa amfani.

Strong kuwa marubucin bincike ne. Bai yi siyasa ba, bai ƙirga ƙuri'a a Filorida ba, sai da ya karanta littattafai ya bi mutanen da abin ya faru a gabansu ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tambayoyi sannan Recount ya tsayu. Haka Game Change na 2012, kan yadda John McCain ya ɗauko Sarah Palin ta yi masa mataimakiya a zaɓen 2008, wanda ya ba shi kyautar Emmy. Haka The Butler na 2013, haka Dopesick na 2021 kan ƙwayar OxyContin da kamfanin Purdue Pharma da yadda ta ɗaiɗaita garuruwan talakawa a Amurka, (wanda ya san abin da kodin da tiramol suka yi wa unguwanninmu zai kalli wannan da wani ido daban). Irin wannan rubutun a hankali ake tara shi, yau ka karanta gobe ka yi hira da mutum jibi ka gyara tsari, yana jure katsewa, kana iya ɗaukar littafi ka tafi da shi lokeshan ka karanta lokacin da ake saita fitila. Shi ya sa riƙe biyun bai cutar da shi ba. To kai ɗan'uwa ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, labarin da kake son rubutawa yana cikinka ne ya cika yana neman hanyar fita, kasuwar da ka tashi a ciki, gidan yawan da aka haife ka, tashar motar da ka yi wa aiki, ko kuwa labari ne da sai ka fita ka nemo? In na biyun ne babu dalilin da zai sa ka ajiye aikin da ke ciyar da kai.

Abin da suka haɗu a kai shi ne dukkansu aktin ne ya koya musu rubutu, kuma wannan ya kamata ya kwantar wa duk jarumin da ke jin bai yi makarantar abin ba hankali. Sheridan ya sha faɗa cewa shekarun da ya yi ana ba shi layukan bayani, irin wanda ɗan wasa zai tsaya yana gaya wa mai kallo abin da ya faru da abin da zai faru, su suka sa ya tsani irin wannan rubutun, don haka nasa labaran zarensu ɗaya ne mai sauƙi, ƙarfin yana wurin mutanen. Jarumi ya san layin da ba ya faɗuwa a baki, ya san inda numfashi yake ƙarewa, ya san sin ɗin da aka sa shi don kawai a cika minti, abin da marubucin da bai taɓa tsayawa gaban kamara ba sai ya daɗe kafin ya gane. Amma akwai ciwon da jarumai suke shigowa da shi, su iya sin su kasa labari, kowane sin ya yi daɗi shi kaɗai amma in ka haɗa ashirin ba inda suka nufa, sannan ga son rubuta wa kai babban rol. Ku lura su biyun nan ba wanda ya sa kansa a tsakiyar labarinsa na farko. Sheridan sai daga baya ya riƙa fitowa a Yellowstone a matsayin Travis mai harkar dawaki, kuma ko shi ɗin masu kallo da yawa sun yi ƙorafi a zangon ƙarshe cewa ya ba kansa fili fiye da kima.

Sai maganar zama da mutane. Wanda ya fice da fushi yakan fita da halin ba na buƙatar kowa, kuma Sheridan har yau an san shi da rubuta yawancin kashe-kashen shirye-shiryensa shi kaɗai ba tare da ɗakin marubuta ba, abin da ya jawo masa surutu sosai a 2023 lokacin da ƙungiyar marubutan fim ta Amurka ta yi yajin aikin kwana 148, domin ɗaya daga cikin buƙatunsu shi ne a riƙa ɗaukar marubuta da dama a kowane shiri. Amfanin hakan muryarsa ba ta gaurayuwa, kana jin layi biyu ka san nasa ne, illarsa kuma in ya ɗauki shiri huɗu biyar a lokaci guda maimaici yana shigowa kuma babu na kusa da zai ce masa wannan bai yi ba. Strong ɗan haɗin gwiwa ne, Empire shi da Lee Daniels suka ƙirƙira a 2015, kashi biyu na Mockingjay cikin jerin fina-finan The Hunger Games shi da wani marubucin suka yi, Recount da Game Change duk darakta ɗaya ne Jay Roach. Zamansa cikin 'yan wasa bai yanke ba, kuma a wannan sana'ar wanda ake gani shi ake tunawa. Ba wai shi ma bai taɓa faɗuwa ba, fim ɗin da ya fara ba da umarni a 2017, Rebel in the Rye, bai samu karɓuwa ba, amma faɗuwar mai ƙafa biyu a ƙasa daban take.

In dai kuɗi da iko ake magana a ƙarshen tafiya to Sheridan ya yi nisa, mutumin da aka ce ba zai wuce na 11 ba shi ne ya zo ya sayi gonar kiwo mai suna 6666 a Tekzas tare da abokan jari, fili sama da eka 260,000. Sai dai ina roƙon mai karatu kada ya auna da wannan, domin labarin wanda ya yi nasara kaɗai muke ji, waɗanda suka bar aktin a shekara 40 suka rubuta labari biyar ba wanda ya saya ba a yin hira da su.

Yanzu mu dawo gida, don lissafin yana canzawa sosai in aka zo Kano ko Kaduna ko Jos. Su can marubuci yana da ƙungiya mai haƙori, akwai mafi ƙarancin kuɗin da za a biya shi, akwai kason da yake ci gaba da shigo masa in aka sake haska aikin, in rigima ta tashi kan sunan wa za a sa ƙungiya ce take yanke hukunci. A nan galibi ciniki ɗaya ne, ka miƙa sikirif a ba ka abin da aka ba ka shi ke nan, ko shirin ya shekara uku yana tara masu kallo a YouTube. Jarumi kuwa ko kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba fuskarsa jari ce, talla, biki, taron siyasa, mabiya a TikTok da Instagram. Shi ya sa ma in ka duba za ka ga a wurinmu motar ta fi tafiya ta ɗaya hannun, marubuta ne suke shigowa gaban kamara. Ado Ahmad Gidan Dabino marubucin littafi ne tun kafin a san shi a Kwana Casa'in, Ɗan'azumi Baba shi ma marubuci ne amma yau yara da manya Kamaye na Daɗin Kowa suka sani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda suna yake a masana'antarmu, don haka wanda Allah Ya ba shi fuskar da aka riga aka sani ya yi tunani sau biyu kafin ya janye ta daga allo, in ka ɓace zango biyu wani ya maye gurbinka.

Duk da haka akwai waɗanda ni da kaina zan ce musu su bi hanyar Sheridan ba tare da waiwaye ba. 'Yar'uwar da za ta yi aure kuma an yi magana ba za ta ci gaba da fitowa ba, kamar yadda yake faruwa da jarumai mata da yawa a Kannywood, ita ƙofar gaban kamara ta riga ta rufe, rubutu kuwa daga ɗakinta za ta yi shi ta tura ta waya, kuma shekarun da ta yi a lokeshan ba su tafi a banza ba, ta san abin da ke yiwuwa da kuɗin furodusa da abin da ba ya yiwuwa, ta san abin da hukumar tace fina-finai za ta dawo da shi. Haka wanda shekaru suka fara ja kuma kiran ya ragu ƙwarai, wata biyu uku ba aiki, shi ba wani reshe ne a hannunsa da zai ji tsoron saki ba. Haka wanda yake da wata sana'ar da ke riƙe gida, shago ko koyarwa ko gona, shi in ya ajiye aktin lokaci ya saya ba yunwa ba. Amma matashin da ake kira duk sati, yana da iyali, labarinsa kuma bai wuce shafi goma a waya ba, wallahi shawarata ya bi Strong, ya ware safiya ko bayan isha'i, ya gama kashi huɗu cikakku da tsarin zangon gaba ɗaya kafin ma ya gaya wa kowa.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da mu masu kallon fim ɗin Indiya ya kamata mu sani. Salim Khan, mahaifin Salman Khan, ɗan wasa ne da ya yi shekaru yana ƙananan rol a Bombay bai yi fice ba, sai ya haɗu da Javed Akhtar suka zama Salim-Javed, shi ya fi ƙarfi a ƙulla labari, abokinsa a zance, suka rubuta Zanjeer a 1973, Deewaar da Sholay a 1975. Jarumin da ya iya sin bai iya tsari ba zai iya neman ɗaya daga cikin marubutan littattafanmu ko masu rubutu a intanet da suka iya jan zare kashi hamsin bai tsinke ba, su haɗa, shi ya kawo kunnen lokeshan ita ko shi ya kawo ginin. Su Salim-Javed a lokacinsu ba a sa sunan marubuci a fosta, da Zanjeer zai fito sai suka ɗauki mai fenti ya bi gari cikin dare yana buga sunansu a kan fostocin. Kai ba sai ka kai ga haka ba, amma kafin sikirif ya bar hannunka, ko wace hanya ka bi, a zauna a rubuta a takarda da shaidu, nawa ne kuɗin kowane kashi, yaushe za a biya, sunanka a ina zai fito kuma da wane laƙabi, in shirin ya samu zango na biyu wa zai rubuta, in kuma aka ba wani ya ci gaba da mutanen da kai ka ƙirƙira mene ne naka a ciki. Furodusan da ka saba da shi tun kana jarumi zai ce haba ai mu 'yan'uwa ne ba sai an yi takarda ba, ka ce masa Alhaji saboda zumuncin ne ma nake so a rubuta.